Yadda Za Ka Yi wa Magen Tsohuwarka Wanka Ka Tsira da Aurenka

Ɗan'uwa, gyara zama. In har ƙuma ta ci gidanka da yaƙi, ta hana ka barcin rana, ta sa kana susa a sahun salla kamar mai kaɗa gurmi, to ka zo inda ake kashe wutar. Ni ne Halliru, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kanal, babbar magudanar ruwan nan ta siminti, ƙasa da dam ɗin Goronyo. Daga Wurno har Rabah, babu wanda ya yi wa mage wanka bisa shawarata ya rasa ganin sakamako. Gaskiya mutum ɗaya ne ya taɓa gwadawa, amma ya ga sakamako, kai ma in ka dubi goshinsa za ka gani. Saboda haka na ba ka tabbaci: bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ƙuma za ta bar jikin mage. Inda za ta koma kuwa wani karatun ne daban.

Mutumin da nake nufi abokina ne, Siddiƙu manomin albasa, kuma da shi zan riƙa buga maka misali. Mu nan mussa muke ce wa dabbar, amma tunda rubutu nake don har mutanen Kano su ƙaru, zan riƙa cewa mage. In ka ji mussa a bakin mutanenmu, ita ɗin ce dai.

Mataki na ɗaya: Ka bari abin ya lalace tukuna

Kada ka yi gaggawa. Mai hankali ba ya yi wa mage wanka sai ya rasa yadda zai yi.

A gidan Siddiƙu akwai tsohuwarsa, Inna Zinariya, wadda ƙarfi ya ja baya, ido ma ya fara yaudararta ko da yake ba ta yarda a faɗa. Akwai magenta, baƙa mai farin wuya, wadda take kira 'Yar-lele, tare suke kwana, tare suke shan fura. Akwai matarsa Sauda da jaririnsu Atiku. Sai kuma ƙuma, wadda ta shigo da zafin rani ba sallama, ta sauka a jikin mage, ta hayayyafa, ta raba 'ya'yanta ɗaki-ɗaki.

Babba in ƙuma ta cije shi sai ya sosa ya yi tsaki. Jariri kuwa sai kuka. Da jikin Atiku ya yi rudu-rudu, Sauda ta ɗauko shi ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, don Allah ki duba jikin yaron ga. Mussag ga ita taj ja muna wannan. A hid da ita ko na ɗan lokaci na."

Inna ta juya kai wajen bango. "Mi mussa tay yi? Ƙuma ta Allah ta. In za a hid da 'Yal-lele, a naɗe tabarmata a hid da mu tare."

Sauda ta waiwayi mijinta. "Baban Atiku, kai mi kac ce?"

A nan ne darasin yake, sai ka buɗe kunne. Gaba kura, baya siyaki: in ka bi uwa ka ɓata wa mata, in ka bi mata ka ɓata wa uwa. To me za ka yi? Ka yi abin da Siddiƙu ya yi. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya, ya sosa ƙwauri, ya ce, "To, Allah shi kyauta."

Kafin la'asar Sauda ta goya ɗanta ta tafi gidan uwarta Uwaliya. Ta bar saƙo wajen maƙwabta cewa ita da wannan gida sai ranar da ƙuma ta bar shi. Madalla, yanzu abin ya nuna, sai mu wuce gaba.

Mataki na biyu: Ka nemi gwani

Gwani shi ne wanda bai taɓa yin abu ba, amma yana iya bayaninsa ba tare da ya yi in'ina ba. Da wannan ma'auni, babu kamata a duk faɗin fadamar Rima.

Siddiƙu ya same ni a rumfata ina kwance wani inji. Ya rame, ido ya faɗa, ga shi da ƙullin soyayyen kifi a hannu. Ya ce gidan ya yi masa faɗi. Ya ce da asuba yakan farka yana jiran kukan Atiku, sai ya ji shiru. Ya ce ba zai iya korar magen Inna ba, kuma ba zai iya zama babu Sauda ba.

Na tausaya masa ƙwarai, har sai da na cinye kifin.

"Abokina," na ce, "abin ga mai sauƙi na. Ba mussa Sauda taka ƙi ba, ƙuma taka ƙi. Ba ƙuma Inna taka so ba, mussa taka so. A raba mussa da ƙuma, kowa shi samu nashi."

"Da mi za a raba su?"

"Da mi aka raba mutum da dauɗa? Wanka."

Ya daɗe yana kallona kamar wanda aka nuna wa jinjirin wata. Ni kuma da na ga ƙayar kifin a gabana, na san na shiga. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mataki na uku: Ka nemi fatawa, ka ɗauki rabin da ya yi maka

Garinmu garin malamai ne, ba a fara babban aiki sai an ji ta bakinsu. Muka sami Malam Maccido a zaurensa, tsoho mai sanyin magana, wanda kakanninsa ma karatu suka bari gado. Muka tuɓe takalma, muka gaishe shi.

"Mi ka tahe da ku?"

"Allah shi gafarta Malam," in ji Siddiƙu, "tambaya muka yi. Ya halatta a yi wa mussa wanka?"

Malam ya sauke tabarau, ya dube shi, ya dube ni, ya sake dubansa.

"Mussa dai ba ƙazanta ta ba. Ko ta sa baki ga ruwan alwalarka, ruwan na nan da tsarkinai. Kullum kuna ganin ta tana wanke jikinta da halshenta. Wa yac ce ku taya ta?"

"Ƙuma ta, Malam."

"To. In ba ku cuce ta ba, ban ga abin da yah hana ba. Amma ku sani, ba dut abin da yah halatta mai hankali ka yi ba."

Ka lura da kyau. Amsar Malam gida biyu ce: akwai "ban ga abin da ya hana ba", akwai "amma". Ka ɗauki gidan farko ka sa a aljihu. "Amma" kuwa ka bar wa Malam kayarsa a zaure, nauyi gare ta, kuma hanya da nisa.

Mataki na huɗu: Ka haɗa kaya, ka zaɓi wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tanadi sabulun salo, da tsumma, da buhun albasa irin mai raga, da babban masaki. Wani zai ce maka ka zuba maganin feshin gona. Kada ka soma. Wannan ba ƙuma kaɗai zai kashe ba, har magen zai tafi da ita, kai kuma ka shiga uku da tsohuwarka. Ko ni da ba na jin tsoron ba da shawara, a nan na ja birki.

Masaki kuwa ka ɗauki mafi kyau a gidan, aikin girma ba a yin sa da fasasshiyar ƙwarya. Siddiƙu ya shiga ɗakin Sauda ya sauko da nata na kayan aure, wanda uwarta ta sa aka yi wa zanen wuta a baki. Na ce ya yi daidai, ai don ita ake wahalar.

Wuri fa? Kada ka yi a gida, kunnen Inna ya fi idonta aiki. Ka nufi kanal. A kwanakin nan an rufe ƙofar ruwa, abin da ya rage a ciki bai wuce idon sawu ba, ga siminti mai santsi kamar an yi shi don wankan mage. In ka ji ana cewa mai shela ya zaga kasuwa ya ce yau za a sako ruwa don masu albasa, kada ka bari wannan ya dame ka. Ni ma na ji shelar. Na dai ɗauka irin "yau" ɗin nan ce ta ma'aikata, wadda takan kai jibi.

Mataki na biyar: Ka sato magen cikin ladabi

Ka jira bayan azahar, lokacin da tsohuwa ta kishingiɗa. Ka shiga da sanɗa da kan kifi a hannu. Mage ba ta da aboki sai mai kifi.

'Yar-lele ta biyo Siddiƙu har zaure tana shafa masa ƙafa. Ya tura kan kifin cikin buhu, ta bi shi, ya ɗaure baki. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya.

"Siddiƙu, mi nika ji kamar kukan 'Yal-lele?"

"Ƙyaure na, Inna. Mai shika so."

"To a ba shi, don kukan nashi ya yi kama da na mai rai."

Ka ce "to" ka fita da sauri. In ka tsaya, imani zai kama ka, aiki ya lalace.

Mataki na shida: Ka fara daga wutsiya

Da kun isa kanal, ka tuɓe riga. Siddiƙu ya so ya ji kunya saboda manoma na ta ban-ruwa a fangalan albasarsu, na tuna masa cewa ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ya tuɓe, ya naɗe wando, ya sauka. Ni na tsaya a bisa gaɓa, domin gwani ba ya jiƙa hannu. In ya jiƙa, da me zai yi nuni?

Ka cika masaki rabi, ka kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ka zazzage magen a ciki. Za ka ga ta yi lamo, ta kwantar da kunne, ta ƙura maka ido ba ta ko motsi. Siddiƙu ya ɗago kai yana murna.

"Halliru, ka gani? Tana so!"

Na gyaɗa masa kai. Na san kwanciyar ɗaukar rai in na gan ta, sai dai ba a karya wa ma'aikaci gwiwa a tsakiyar aiki.

Yanzu ka fara cuɗawa daga wutsiya ka yi sama. Dalilina shi ne wutsiya ta fi nisa da haƙora. Daga baya mata suka ce wai da wuya ake farawa, a zagaye shi da kumfa don a tare hanya. Wataƙila. Amma hanyata ta fi koyar da halin ƙuma, domin da ta ji ruwa ta baya sai ta yi abin da mutanen fadama suke yi ranar ambaliya: kowa ya kwashi 'ya'yansa ya nufi tudu. Daga wutsiya suka hau gadon baya, daga baya suka hau wuya, daga wuya suka taru a ka, har farin wuyan nan ya koma baƙi. Da suka duba suka ga akwai tudun da ya fi kan mage tsawo, ga shi a bushe, ga duhu, ga shi ya sunkuyo da kansa har bakin ƙofa, sai suka yi hijira gaba ɗaya zuwa gemun Siddiƙu.

Da na ga haka na karya dokar gwani, na ɗebo ruwa da hannu na shafa wa nawa gemun. Magabata ba su yi ƙarya ba.

Kafin nan mutane sun taru. Masu ban-ruwa sun kashe injuna, masu cirar albasa sun ajiye kwanduna. Yari, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Siddiƙu, ya leƙo yana riƙe da ciki.

"Siddiƙu! Suna za a yi mata ko kai ta ɗaki za a yi? A hwaɗa muna mu shirya gudummuwa!"

Kada ka kula masu dariya. Ka riƙe mage da hannu ɗaya, ka sosa gemu da ɗaya. Sai dai ka sani, mage ta iya lissafi, ta san hannu ɗaya bai kai biyu ba. 'Yar-lele ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi. Ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, ta bi hannunsa ta hau kafaɗa, ta dafe goshi, ta ja masa layi uku daga gashin kai har gira, miƙaƙƙu kamar kunyar da aka ja da igiya.

Mataki na bakwai: In ka ji ruri daga sama, ka ceci abin da ya fi daraja

Ashe "yau" ɗin ta yau ce.

Na fara jin wani sanyi a iska, sai ruri, sai ga ruwa ya taho cike da kanal, yana tura kumfa da karan dawa a gaba. Na yi ihu, "Ruwa!" Kuma nan take na ceci abin da ya fi daraja, wato takalmana da ke bakin gaɓa.

Siddiƙu ya miƙe a firgice. Magen ta zame daga goshinsa ta faɗa cikin masaki, ruwa ya ɗaga masakin cak, ya juya shi sau ɗaya, ya yi gaba da shi. Sai ga 'Yar-lele a tsaye a tsakiyar jirginta, kumfa har kunne, jiki ya manne ta koma kamar ɓera, tana kuka tana kallon jama'a, jama'a na kallonta.

Yari ya ɗaga hannu. "Allah shi kiyaye hanya! A gai da mutanen Wurno!"

Da ƙyar aka jawo Siddiƙu bisa gaɓa. Ya bi masakin da gudu ba riga, jini na zuba, yana kiran sunanta. Tiyon wani ya harɗe shi, ya faɗa cikin fangalin albasa, ya tashi ya ci gaba. Inda kanal ya shige ƙarƙashin hanyar mota, masakin ya kutsa cikin kwalbati. Siddiƙu ya tsallaka ɗaya gefen, ya duba cikin ciyawa, ya duba cikin laka, ya yi kira har murya ta dushe. Babu masaki, babu mage.

A matsayina na gwani na tunatar da shi cewa an cim ma rabin buri, tunda ƙuma ta bar jikin mage. Kallon da ya yi mini ya sa na koma bayan Yari na tsaya.

Mataki na takwas: Ka koma gida da ƙarya a shirye

A hanya na shirya masa magana tsaf. Ya ce mage ta bi muzuru, irinsu sukan yi haka da rani, za ta dawo. Na sa ya maimaita har ta zauna masa a baki.

Muka tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakinta da 'yar ƙwaryar fura a gabanta, ta rage rabi kamar yadda ta saba, tana kaɗa yatsu a ƙasa tana kira. Siddiƙu ya durƙusa. Kafin ya buɗe baki ta ɗaga hanci.

"Siddiƙu, kana warin sabulu." Ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, yatsunta suka tsaya a goshi. "Wanga aikin 'Yal-lele na. Ina take?"

Duk karatun da na ɗora masa ya zube. Ya faɗa mata komai, tun daga kan kifi har kwalbati.

Na shirya jin faɗa, har na auna tazarar da ke tsakanina da ƙofa. Amma Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo ƙwaryar furar ta rufe da faifai a hankali.

"Tun da ubanka yar rasu," ta ce, "ita ɗai ka zamnawa ta ji maganata har ƙarshe, ba ta ce mini tana sauri ba."

Ta tura ƙwaryar gefe. Wallahi da ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Ni da na zo da bakina cike da dabara sai kunya ta rufe ni. Siddiƙu ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Da safe mata kaɗai ya rasa, yanzu ga uwa a zaune kusa da shi amma kamar tana wani gari. Ko gemun ya daina sosawa, ya bar ƙuma tana cin rabonta.

A wannan mataki ba ni da shawara. Ka zauna kawai.

Mataki na tara: Ka bar mata su ƙarasa, amma ka karɓi yabon

Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta kai tsakar gida, sai muka ji sallama. Muryar mace ce, kuma Siddiƙu ya san ta tun kafin ta rufe baki.

Sauda ce, Atiku a baya, masakinta a ka, wani abu a naɗe cikin zane a ƙirjinta.

Abin da ban gaya maka ba, don ni ma ban tuna ba sai a lokacin, gidan Uwaliya yana unguwar masunta, can gangare bayan kwalbati, inda kanal yake faɗi mata suke wanki. Sauda na cikin wankin kayan Atiku ta hango masaki yana tahowa. Zanen bakinsa ta fara ganewa, kafin ta gane fasinjan. Ta shiga ruwa har gwiwa ta tare shi. Ita da uwarta suka ɗauraye magen da ruwan ɗumi, suka goge ta, suka zaunar da ita a rana suna bin gashinta da mataji, duk ƙumar da ta fito su jefa ta a ruwan sabulu. Wai haka ake yi. Ni dai na ce ai mu muka yi mai wuyar.

Sauda ba ta ko dubi inda muke ba. Ta wuce ta durƙusa gaban tsohuwa ta kwance zanen.

"Inna, ga ɗiyakki."

'Yar-lele ta taka ta hau cinyar Inna, ta murɗa jiki ta kwanta kamar ba ita ta je yawon duniya ba. Inna ta shafa ta daga kai har wutsiya, hawaye na bin kumatunta, tana ta sa albarka. Can ta miƙa hannu.

"Kawo mini angona in ji shi."

Sauda ta sauko da Atiku ta ɗora mata. Inna ta shafa kansa, ta shafa hannu, ta gangara ƙafafu, sai yatsunta suka fara cin karo da ƙurajen da suka bushe, ɗaya bayan ɗaya, har tafin sawu. Ta sake bin su da yatsa.

"Ashe haka sunka ci shi?" Ta juyo wajen Sauda. "Ɗiyata, ranar da kic ce in duba, ban ga komi ba. Idon ya tahi, kunya ta hana ni hwaɗi. Da kin kama hannuna kin aza, da ban yi musu ba."

Sauda ta sunkuyar da kai, ita ma ido ya cika. Nan take Inna ta ba da umarni a fitar da tabarmi da shimfiɗu duka a shanya, a share ɗakuna, a wanke tsummokaran da mage take kwanciya a kai, kuma 'Yar-lele ba ta ƙara shiga ɗakin jariri.

Sai Sauda ta miƙe ta gyara goyo, ta juyo wajen mijinta.

"Ni dai mussa nik kawo. Ba dawowa niy yi ba."

Siddiƙu ya dubi sama. Ya dubi ƙasa. Na ga hannunsa ya nufi ƙeya, na san "Allah shi kyauta" na hanya, sai na take masa ƙafa da dukkan nauyina. Wannan ce kaɗai shawarar da na taɓa bayarwa ba da baki ba, kuma ita ce ta fi aiki.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Kin tambaye ni, niy yi shiru. Laihina na. Gidan ga ba ya zamnuwa in ba ki ciki."

Ta dubi goshinsa, ta dubi gemun da ke motsi da kansa, ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce.

"Kowace mace in ta yi yaji, miji ka zuwa biko da ƙahwatai, ko shi turo baffanninai. Kullum ina sauraren sallamarka. Ni sai anka turo mini mussa cikin masakina, da kumfa har kunne. Unguwarmu har yanzu dariya aka yi."

"To za ki zamna?"

"In na bar ka kai ɗai da Halliru, gobe sai kun kamo kada kun yi mishi wanka." Ta ɗauki masakinta ta nufi ɗaki. Daga bakin ƙofa ta waiwayo. "Amma gemun ga ba shi shiga ɗakina. A kira wanzami."

Ka ga ke nan tabbacin da na ba ka bai tashi a banza ba. Mage ta rabu da ƙuma, tsohuwa ta sami magenta, mata ta dawo. Gemu ne kawai ya tafi, shi kuwa yana tsirowa.

Wanke hannu

Ni Halliru, na rantse da ƙarfen da nake ci da shi, babu ruwana da abin da zai same ka in ka bi wannan karatu. Goshinka naka ne, gemunka naka ne, mutuncinka a gaban masu ban-ruwa kai ka san inda ka ajiye shi. In mage ta tsage ka, wajen mai magani za ka je, ba rumfata ba. In tsohuwarka ta yi fushi, ban san ka ba, ban taɓa cin kifinka ba. In Malam Maccido ya tambaya, ka ce a mota ka ji.

Kuma kafin ka ɗora mage a kan ruwa, ka tsaya ka duba inda ruwan ya nufa. Wannan dabara ba ta ci sai ga wanda surukansa ke gangare. Kai da ka auro daga tudu, babu masakin da zai hau maka sama. Ka bar baiwar Allah ta lashe jikinta, ka sa takalmanka, ka je ka yi sallama a ƙofar gidan su matarka, ka buɗe bakin nan naka ka ce ta yi haƙuri.